Rasit Ɗin da Na Ji Kunyar Tambaya

Shekarun baya, da gari ya ɗan lafa muka dawo Maiduguri, sai muka tarar harajin filin da mahaifina ya bari a Maisandari ya taru, har an manna takardar gargaɗi a katanga. Ni kuwa ko hayar ɗakinmu na Umarari da ƙyar nake haɗawa. Filin nan shi kaɗai ne gatan mahaifiyata, kullum maganarta in gina mata ko ɗaki ɗaya ne a ciki.

Aminin mahaifina, wani dillalin busasshen kifi a kasuwar Baga Road, shi ya biya bashin. A gaban bulama, wato mai unguwa, aka rubuta: takardun fili su zauna a hannunsa, in biya shi cikin shekara huɗu, harajin shekarun da za su biyo baya kuma a wuyana. In na gaza ko ɗaya, fili ya zama nasa.

Duk shekara sai in tara harajin in kai masa har rumfa, tunda takardun na wurinsa. Ya ce, "Wushe, sannu ɗana, ajiye nan, ni zan kai ofis." In miƙa da hannu biyu, har da godiya. Rasit? Ina ni ina tambayar sa'an ubana rasit! Ni a dole ga mai tarbiyya.

A shekara ta huɗu na haɗa kuɗinsa cif na kai. Bai ko taɓa su ba. Ya jawo jaka, ya baje rasit uku a kan kwalin kifi. Ya biya kam, ko sisi bai rage ba, amma duka da sunansa, kamar daga aljihunsa kuɗin suka fito.

"Baba, ai kuɗina ne."

"Ɗana, wa ya gani?"

Da muka je gaban bulama, ya jujjuya takardun, ya ce shi abin da ido ya gani yake shaida. Shi ke nan, fili ya tafi.

Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Da ka tambaye shi rasit, ni ce ta farko da zan ce ka yi rashin kunya." Bayan wata bakwai ta rasu.

Yau ko buhun gawayi na saya sai an rubuta mini, har ana cewa na fiye tsanani. Filin na haƙura da shi tuntuni. Abin da har yanzu yake cina shi ne, ranar zaman makoki mutumin nan ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarmar gaba, ni kuma na taso na durƙusa na gaishe shi.