Ƙaramar Kwalbar da ta Kai Mu Huangpu

Kafin in fara ina neman afuwa. Gajiya da rashin barci sun cakuɗa min wasu ranakun tafiyar nan, mai yiwuwa in ɗauki abin da ya faru da safe in kai shi yamma. Abin da na tabbatar zan faɗe shi kai tsaye, wanda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Mun tashi da asuba daga gida, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya daɗe yana sarin takalma daga Guangzhou zuwa Kano. Ni ban taɓa hawa jirgi ba. Tun da na gama bautar ƙasa nake zaune, sai yayata ta yanke shawarar buɗe wurin sayar da lemon haɗi, irin na zamani da ake kaɗawa a gaban mutum, ta ce tunda kimiyyar abinci na karanta, in bi Kawu in zaɓo mata kayan aiki, in kuma koyo yadda ake amfani da su. A hanyar filin jirgi na duba fasfo ɗina har sai da Kawu ya karɓe ya sa a aljihunsa, ya ce kada in goge hoton da kallo.

Mun yada zango a Addis Ababa, daga nan aka yi doguwar tafiyar da ƙafafuna suka kumbura. Abin da ya fara tarbata a Guangzhou zafi ne mai ɗanshi, kamar an lulluɓe mutum da jiƙaƙƙen bargo. Titunan suna hawa kan juna, babura masu lantarki suna wucewa ba ƙara, sau biyu Kawu yana janye ni daga gabansu. Kusa da masaukinmu akwai gidan abincin Musulmin ƙasar, inda ake jan taliya da hannu a zuba mata romon naman shanu. Farashinta bai kai yadda na ji tsoro ba, tasi ce dai ke cin aljihu. A teburin da ke gefenmu wasu ’yan Maraɗi na gardamar kuɗin dako, sai na ji kamar a Kantin Kwari nake.

Kwanakin farko na Kawu ne. Mun yi ta hawa da sauka a benayen kasuwar Zhanxi Lu, takalma tun daga ƙasa har rufi. A nan na koyi cewa kowane mai shago lawban ne, wato maigida, kuma idan ya kaɗa hannu ya ce meyo, babu ke nan, sai dai in Kawu ya juya zai tafi, nan take abin ya samu. Kwantenar da za a loda ba ta Kawu kaɗai ba ce. Su uku suka haɗa, shi da wani abokinsa na Kano da wani Alhaji ɗan Maraɗi, amma da sunan Kawu take tafiya, shi ke amsa duk abin da aka samu a ciki.

Da aka zo kan nawa aikin, Kawu ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Yamai da ya daɗe a garin yana yi wa ’yan kasuwa tafinta. Ya kai ni unguwar Liwan, wani tsohon layi, inda akwai wani shago cike da kofunan gilashi, da gwangwanayen kaɗawa, da dogayen cokula, da ’yan kofunan awo masu baki biyu. Mai shagon mace ce mai saurin hannu. Ta jera min cikakken saiti irin wanda otal-otal ke saya, ni kuma na bi ɗaya bayan ɗaya ina cire duk abin da ya yi kama da giya. Na yi tsammanin na yi taka-tsantsan sosai. A cikin kwalaben ruwan sukari masu ɗanɗanon ’ya’yan itatuwa akwai wasu ’yan ƙananan kwalabe naɗe da takarda, na buɗe ɗaya na ji ƙamshin kanumfari da ɓawon lemo, na ɗauka irin ƙamshin da ake ɗigawa a kek ne. Na ce a sa katan biyu. A ranar aka tura kayan sito a Huangpu, bakin tashar jiragen ruwa, inda ake tara na Kawu.

Al’adar shagon ita ce wanda ya sayi kaya da yawa, mahaifin matar zai koya masa aiki a saman bene. Tsoho ne siriri, ya yi rayuwarsa yana haɗa wa baƙi abin sha a manyan otal, kowa na kiransa shifu, wato malam. Da tafinta ya gaya min cewa da giya yake koyarwa, na kwana ina juyayi. Kawu ya ce, “Kai dai kada ka taɓa, kada ka miƙa, kada ka ɗanɗana. Hannunsa za ka kalla.” Ban kawo wannan a matsayin fatawa ba. Ni kaina har yau da saura a raina, kuma na yi niyyar tambayar malamai.

Washegari da hantsi muka hau benen. Na tsaya daga nesa, kusa da taga. Tsohon bai yi dogon bayani ba. Ya jiƙa sukari a gindin kofi, ya zuba wuski, ya sa ƙanƙara babba guda ɗaya, ya juya a hankali, sannan ya murɗe ɓawon lemo a saman kofin don mansa ya sauka. Na biyu, wanda suke kira matini, giyar jin ce da wata farar giya mai ƙamshin ganye, shi ma juyawa ya yi da dogon cokali har gilashin ya yi raɓa. Na uku, dakiri, giyar ram ce da lemon tsami da ruwan sukari, wannan kuwa ya rufe gwangwani ya kaɗa shi da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Idan na fahimci tafinta daidai, ƙa’idar ita ce abin da ke da ruwan ’ya’yan itace a kaɗa shi, wanda babu a juya shi, kuma ƙanƙara ba sanyi kaɗai take bayarwa ba, ruwanta ma yana cikin awon. Komai sai ya auna, ko da ya yi shi sau dubu.

Akwai wani abu da yake yi kafin ya juye kowane haɗi. Yakan tsoma tsinken shan lemo, ya toshe samansa da yatsa, ya ɗiga a harshensa. Da ya gama na uku sai ya tsoma sabon tsinke ya miƙo min. Na ɗora hannu a ƙirji na girgiza kai. Ya ɓata rai, ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce, “To ɗana, ya ce wanda ba ya ɗanɗanawa ba ya koyo, ɓata masa safiya kawai kake yi.” Na ce ya gaya masa addinina ne, ba raini ba. Sun yi ta magana, ni ina tsaye ina tunanin yadda zan koma wa Yaya da kwali cike da ƙarafan da ban san amfaninsu ba.

Can sai tsohon ya kwashe kwalabensa duka ya mayar cikin kabad ya rufe. Ya goge teburin, ya wanke hannu, ya sauka ƙasa ya ɗauko sabon saiti a ledarsa ya yage a gabana. Ya dafa baƙin shayi mai kauri ya sanyaya shi, ya ce wannan ne zai tsaya a matsayin wuskin. Ya yafito ni na matso. Na jiƙa sukari yadda na ga ya yi. Ya miƙa hannu, da alama bisa sabo, ya zaro wata ’yar kwalba daga aljihun rigarsa, ya karkata ta a kan kofina, sai kuma ya tsaya cak. Ya kalle ni, ya mayar da murfin, ya ce meyo.

Irin kwalbar nan ce mai takarda da na saya. Na tambayi dalili, ya juya ta ya nuna min wani ɗan rubutu a ƙasa. Tafinta ya ce bitas ce, ɗigo ake sawa, amma ta fi giyar da aka ɓoye a kabad ƙarfi. Da na ji sunan tun farko da na farga, don ko a gida mun san bitas. Katan biyu na abin nan suna Huangpu a tsakiyar takalman Kawu, kuma da yammacin ranar za a rufe kwantena. Na hango ana buɗe ta a gida, a gaban abokan haɗinsa da ’yan dako, a ce Alhaji wane ya fara shigo da giya.

Na kira Kawu na gaya masa. Ya saurara har na gama, ya ce, “Katan nawa?” Na faɗa. Ya ce, “To ɗan boko, ka taho ka nemo kayanka, ni ban san kalarsu ba.”

Tsohon da kansa ya karɓi makullin motar shagon. Hanyar Huangpu doguwa ce, manyan motoci sun cika ta, kwantenoni a jere kamar unguwanni. Mun tarar an loda fiye da rabi, kuma nawa kayan, da yake su aka fara lodawa, suna can ciki. ’Yan dakon ba su ji daɗi ba, ban ga laifinsu ba. Tsohon ya yi musu magana, ya tuɓe rigarsa ta sama ya kama kwali, sai kowa ya kama. Alhajin Maraɗi yana zaune a kan buhu yana kallona, ya ce, “Yaro, da ka bari sun isa, da takalmana sun riƙa tafiya suna tangaɗi.” Aka yi dariya, ni dai ban iya ba sai da na ga katan biyun a ƙasa. Kawu ya buɗe sauran kwalayena ɗaya bayan ɗaya, tsohon na duba kowace kwalba yana gyaɗa kai, kafin aka mayar aka rufe.

Da muka koma Liwan mai shagon ta karɓi kayanta ba gardama. Mahaifinta ya ba ni ƙunshin busasshen ɓawon lemo irin na yankinsu, baƙi-baƙi mai ƙamshi, ya nuna min in tafasa shi da kanumfari da ɗan sukari, shi zai ba ni ɗacin da nake nema. Muka ƙarasa darasin da shayi. Wannan karon na karɓi tsinken, na ɗanɗana, ya sa na sake har sai da ya daina yamutsa fuska.

Mun dawo Kano lafiya, kayan ma sun iso daga baya, an buɗe kwantena ba abin da aka samu sai takalma da kayan Yaya. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu da bai taɓa tayar min da maganar a gida ba, da dattijon Yamai. Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne na tsaya tsaron manyan kwalabe na ƙyale ƙarama ban tambaya ba, kuma wanda ya tsare min addinina a ranar mutum ne da ba ya yinsa. Zai iya ɗigawa ya yi shiru, da ban taɓa sani ba.

Waɗanda suke wurin, idan na saɓa a wani abu ko na rage wa wani haƙƙinsa, don Allah ku aiko min in gyara. Musamman ina roƙon tafintanmu, in wannan ya iske shi, ya ratsa ta Liwan ya gaya wa shifu cewa Yaya ta gwada ɓawon lemonsa a cikin tsamiya, ta tsoma tsinke ta ɗanɗana, ta ce ɗacin ya yi daidai.