Gwangwanin Canjin Inna

Tun ina goye Inna take suyar makala, fanken nan da mutanen Bangui suke karyawa da shi. Da can a ƙofar gidanmu na unguwar Miskine take yi. Da rikici ya tashe mu muka dawo unguwar Kilomita Biyar, sai ta kafa kaskonta a bakin Titin Koudoukou, tsakanin wani mai gyaran babur da shagon katifu. Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: kasko, matsami, robar ƙullu, ɗan teburin da aka ɗaure wa ƙafa guda da waya, sai wani babban gwangwanin madara da take zuba tsaba, wato kuɗin ƙarfe, a ciki. Gwangwanin nan tsakanin ƙafafunta yake zama. Yayana ya girma har ya yi gemu bai taɓa sa hannu a cikinsa ba, kuma ba don bai gwada ba.

Ina da shekara ashirin da tara aurena ya mutu, na dawo gida da 'yata da akwati guda. Ranar da na fara fita wurin suya, ina zama Inna ta sa ƙafa ta turo gwangwanin gefena. Ta ce idonta ya fara gajiya, in hayaƙi ya taso ba ta rabe ta hamsin da ta ɗari, don haka ita ta ji da kasko, ni in ji da kuɗi. Ba ta ko dube ni ba da take faɗa. Ni kuwa na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa a gidan miji ba, don na san abin da ta miƙa mini.

A shekarun nan tsaba ta yi wuya a Bangui. Ka shiga kanti da takardar ɗari biyar, a ba ka alewa ko ashana a madadin canji, ka so ko ka ƙi. Masu babur kullum cikin cacar baki suke da fasinja a kan sefa hamsin. Amma gwangwanin Inna bai taɓa bushewa ba, saboda masu sayen makalarta ƙananan mutane ne, 'yan turin kura da 'yan makaranta da masu gadi, kowa da 'yar ashirin da biyar ɗinsa a tafin hannu. Wanda ya zo da takarda kuma ya san zai sami canjinsa cif. Rabin cinikinta a kan wannan yake tsaye.

Sai ga wani Alhaji da ya zo daga Nijar ya kama shago a ƙasa da mu kaɗan, yana sayar da silifa da batir. Mutum ne mai fara'a, ga Hausa raɗau, ba irin tamu da Sango, yaren ƙasar, ya cinye rabinta ba. Kullum yakan sayi makala, amma na lura idonsa ya fi zama a kan gwangwani. Wata safiya Inna ta zagaya ɗebo itace, ya sunkuyo ya ce mini in na kawo masa tsabar dubu, zai ba ni takardar dubu ya ɗora ɗari a kai. Shi ma, in ji shi, masu kantin magani da gidajen mai ne suke damunsa da nema. Sharaɗinsa ɗaya, in naɗe su goma-goma a takarda, don ba shi da lokacin zama yana warewa.

Na ce a raina, tsuntsu daga sama gasasshe. Na zauna na yi wa kaina fatawa, kuma na ba kaina gaskiya: duk tsabar da na ɗauka zan mayar da takardar da ta yi daidai da ita, ko sisin Inna ba zai yi ciwon kai ba. Ɗarin da ke kai kuwa ai ba a kaskonta aka soya ta ba. Takardar naɗi ba ta yi mini wuya ba, don da tsofaffin littattafan rubutun 'yan makaranta Inna take ƙunshe wa mutane makala, tulinsu na nan a kan teburi an danne da dutse.

Da farko sau ɗaya nake kai masa a mako. Kafin wata ya zagayo na koma kullum. Akwai wata atamfa mai ruwan ganye da na daɗe ina kallo a wani shago, na ce da na saye ta zan daina. Na saye ta, na ɓoye a ƙasan akwati, ban daina ba. Gaskiyar magana, daga baya ba wani abu nake son saya ba. Kawai ina son in taɓa haɓar zanena in ji ƙullin ya ƙara nauyi.

Bakina ya saba da cewa babu canji, da Hausa da Sango, har da Faransanci in mai kwat ne. Mutum zai tsaya da takardarsa, ya dubi makala tana tururi, ya haɗiye yawu ya wuce wurin wata mata da ke suya a kwanar Kokoro. Ina kallonsa, alhali tsabar da za ta sallame shi tana ɗaure a ƙuguna. In ƙullu ya yi kwantai Inna takan ce zamani ne, kowa ma kuka yake. Ni kuma in taya ta tsine wa zamani.

Sai ta tsiri fita bayan la'asar. Takan ce za ta gaida wata ƙawarta, ta tafi tana ɗingisa ƙafar da gwiwa ke damunta, ta dawo ta shige ɗaki. Da safe in ga tsaba ta ƙaru a gwangwani. Ban tambaye ta inda take samu ba, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abin da na yi ya fi wannan muni: ita ma wannan tsabar nakan tsakura in kai wa Alhaji.

A kwanakin ne makala ta fara ƙanƙancewa. Inna da hannu take yankar ƙullu, kuma hannun nan shekara da shekaru bai taɓa sauya awo ba, ko lokacin da fulawa ta yi tsadar da wasu suka ajiye kasko. Yanzu sai na ga tana ɗan matse yatsu kafin ta saki a mai. Akwai wani tsoho Kirista, maƙwabcinmu na da a Miskine, tsohon malamin makaranta, wanda ko a lokacin da mutanen unguwarsu suke tsoron shigowa Kilomita Biyar bai fasa takowa da sandarsa ya sayi makala huɗu ba. Wata safiya ya ɗaga guda ɗaya sama, ya juya ta, ya tambayi Inna da Sango ko makalar tata zazzaɓi ta yi ne, ya ga ta rame. Wasa yake yi, sun saba tsokanar juna. Amma ranar sai Inna ta sunkuyar da kai, ta ƙara masa guda biyu a takarda, ta ci gaba da juya mai. Na ga kunya a fuskar uwata, na ji zafi a raina, amma da hantsi ya yi sai da na kai wa Alhaji naɗi uku.

Wata Laraba da yamma ina tsakar gida ina wanke robar ƙullu ta dawo daga fitar tata. Wannan karon ba ta shiga ɗaki ba. Ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta kira ni. Ta kwance haɓar zanenta ta fito da naɗin tsaba guda, ta warware shi a hankali, ta zube kuɗin gefe kamar ba su dame ta ba, sannan ta shiga shafa takardar a cinyarta tana miƙar da ita.

Zanen 'yata ne a jikin takardar. Ta zana kakarta zaune gaban kasko da ƙaton kai da matsami, malamarsu ta yi mata maki da jan biro. Ranar da yarinyar ta kawo shi Inna ta yi ta dariya, ta cire shafin ta sa a can ƙasan tulin takardu don kada a ƙunshe makala da shi. Ni kuma cikin sauri, gudun kada ta waiwayo, daga ƙasa nake zaro takarda. Inna ba ta karatu, duk shafukan da suka wuce ta hannunta a shagon Alhaji iri ɗaya ne a wurinta, kowa a unguwar da irinsu yake naɗi. Wannan kuwa ta san shi.

"Nawa yake ɗora miki a kan dubu?" in ji ta.

Na ce ɗari.

"Ni ɗari biyu nake ba shi." Ta ci gaba da shafa takardar. "Da kin faɗa mini, 'yar nan, da na ba ki ɗari da hamsin. Kin ƙaru, na ƙaru, gwiwata ma ta huta da tafiya."

A nan na gane inda makala ta rame. Wata biyu tana sayen tsabarta da kuɗinta, tana rage wa mutane ƙullu don ta cike gurbin, tana kuma ɓoye mini don kada in damu. Na so ta zage ni, ko ta ɗauki matsami ta kwaɗa mini kamar da. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na tashi na ɗauko atamfar da ragowar abin da na tara na ajiye a gabanta ina kuka. Ta ce in kwashe kayana, ita ba ta da abin da za ta yi da su. Ta ninke zanen jikarta, ta dafa bango ta miƙe, ta ce in tuna in jiƙa yis da wuri.

Washegari muka fita kamar kullum. Na hura wuta, na jera takardu, na zauna a wurina. Da na kai hannu gefena sai na ji wayam. Gwangwani yana tsakanin ƙafafunta.

Cikin mako guda makala ta koma girmanta. Tsohon malamin ya ɗaga guda ya ce an gode Allah, mara lafiya ta warke, Inna ta ce masa shi ne dai har yanzu bai yi ƙiba ba. Masu takarda suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya yi ta gaishe ni ina kau da kai, kafin shekara ta fita ya tattara ya koma ƙasarsu. Ban ɗora masa laifi ba, bai tura hannuna cikin gwangwani ba.

Shekara huɗu Inna ta ƙara tana suya, idon kuma kullum ƙara dushewa yake. Takan ajiye matsami, ta goge mai a zane, ta lalubi tsaba ta kai ta kusa da hanci tana dubawa, makala na ƙonewa a kasko. Wani lokaci ta miƙa ta ɗari a madadin ta hamsin, mai tsoron Allah ya dawo mata da ita, wani ya wuce abinsa. Ina zaune dab da ita ina ƙunshe makala, ina gani, ba ni da bakin cewa ta kawo in taya ta. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko a gaban yayana, kuma abinci tare muke ci a kwano ɗaya.

Da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya ta bar mini wurin. Ta ba ni kasko da matsami da teburi, har da dutsen danne takarda. Na tsaya jim a ƙofar ɗakinta ko akwai saura. Ta ce in yi sauri kada 'yan turin kura su riga ni fita. Yanzu a wata 'yar roba nake zuba canjina. Gwangwanin yana ƙarƙashin gadonta, babu komai a ciki sai takardar zanen yarinyar.