Durƙuson da Ya Zaɓa Mini Bindiga

Ko zan manta da komai na farkon aikina, ranar da aka jera mana ƙananan bindigogi bisa tebur aka ce kowa ta zaɓa ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na durƙusa gaida babba, sai in ji hannuna na dama ya nufi haƙarƙarina na hagu shi kaɗai, ko da babu komai a wurin.

Ni 'yar Gazawa ce, kuma tun ina lakol ba ni da yawan magana. In aka tashi hutu, 'yan ajinmu suna waje, ni ina ciki da littafi. Da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na ce makarantar 'yan sanda zan shiga, innata ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke da ko akuya ba ki iya yi wa tsawa?" Gaskiyarta. A makarantar ma, darasin doka da warware bindiga a goge a mayar, ba a wuce ni. Amma in aka ce in ba da umarni a fili, na baya ba ya jin muryata. Malama suke ce mini, kuma ba yabo ba ne.

Aka tura mu koyon aiki Gidan Rumji, mu uku mata. Mun tarar da wata damuwa da ta hana shugabanmu sukuni. Matan ƙauyukan wajen Gidan Sori suna zuwa kasuwa a amalanke da wake da man gyaɗa da 'yan awakinsu. In sun juya gida bayan la'asar, sai wasu mutum biyu a kan moto, wato babur, su tare su a wani kwari mai duhun sabara, su kwashe abin da suka samo. Wadda ta yi gardama ta sha duka. Har sun karya hannun wata. In motarmu ta raka matan, ba a ganin kowa. In da namiji a amalanken, sai su bar shi ya wuce. Mata zalla suke jira. Da yawa sun fara daina zuwa kasuwa, alhali da ita suke ciyar da gidajensu.

Shugabanmu, wanda muke kira Shef, ya yanke shawarar a sa ɗayarmu cikin matan da kayan ƙauye, da bindiga a ɓoye, motarmu kuma ta tsaya nesa tana saurare ta waya. Ya dube mu ya ce, "Ku ji da kyau. In suka gane kina ɗauke da makami kafin ki shirya, ba ke kaɗai za su taɓa ba. Duk matan da ke cikin amalanken nan ne." Sannan akwai sharaɗi. Shugabar matan, wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa da kowa ke kira Iya, wadda surukarta ce aka karya wa hannu, ta ce babu wadda za ta hau amalankenta sai ta duba ta da idonta.

Shef ya kai mu ɗakin makamai. Mai kula da ɗakin wani tsohon ɗan sanda ne mai muƙamin ajidan, mai son ba'a. Ya jera mana bindigogi iri uku. Akwai babba irin wadda muka saba da ita a fareti. Akwai 'yar ƙarama da tafin hannu ke iya rufewa, sai dai tana da tumbi a tsakiya inda harsasai ke zama. Ta ukun matsakaiciya ce, shafaffiya, fentinta duk ya goge don tsufa.

Abokiyata ta farko, doguwa, wadda ta fi mu iya harbi, ba ta ko tsaya ba ta ɗauki babbar. "Ta fi cin harsashi," in ji ta. Ta biyun ta ɗauki 'yar ƙaramar tana dariya: "Wannan ko cikin ɗaurin zane sai ta ɓace." Ni na tsaya ina kallon bindigogin, ban taɓa ko ɗaya ba.

"Malama, sai an kawo miki littafinsu ne?" in ji ajidan.

Na ce a ba ni in riƙe kowace. Na duba na tabbata babu harsashi, kamar yadda aka koya mana, sannan na gwada. Babbar, yatsana ba ya kai wa kunama sai na karkata riƙon. Ƙaramar, ƙaramin yatsana yana lilo a waje, kuma na tuna yadda irinta ke tsalle a hannu a filin harbi. Tsohuwar nan mai gogaggen fenti ce ta zauna a hannuna daram. Amma ban gamsu ba. Na ce a hankali, "Shef, ina so in durƙusa da su."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ajidan har da riƙe ciki. "Durƙuso? Gidan surukai aka ce miki za ki?"

Kunya ta rufe ni, na ji kamar in ce na fasa. Amma na tuna hannun matar nan da aka karya. Kaina a ƙasa na ce, "Duk abin da aka koya mana, a kwankwaso ake sa kube, da wando da bel. Matar ƙauye ba ta da bel. Kuma duk babban da ta gamu da shi sai ta durƙusa. Za ta hau amalanke, za ta zauna ta miƙe ƙafa, za ta yi la'asar a kasuwa. In ta yi ruku'u hijabi yana kwanciya a jiki. A tsaye kowa na iya ɓoye bindiga, Shef. Ni ba a tsaye zan wuni ba."

Shef bai yi dariya ba. Ya ce da ajidan, "Ba ta ɗakin ciki."

Na aro majanyi wurin mai sayar mana da abinci a bakin ƙofa, irin wanda ake ɗaure goyo da shi. Na sa bindiga cikin kubenta yadda kunamar ke rufe, na ɗaure ta da majanyin a ƙarƙashin ƙirji ta hagu, na sa zane da hijabi. Na durƙusa da babbar, ta soke ni a cinya. Na yi ruku'u da ƙaramar, tumbinta ya fito kamar na ɓoye mangwaro. Shafaffiyar kuwa ta kwanta a haƙarƙarina kamar da ita aka haife ni. Ita na zaɓa. Na ci gaba da koyon zaro ta daga durƙushe, ba harsashi, har gwiwoyina suka yi kanta.

Ranar dubawa Iya na zaune kan tabarma a inuwar itacen bedi. Shef ya gaya mata wata cikinmu wataƙila ba ta ɗauke da komai. Doguwar ta fara zuwa, ta ɗan rusuna rabi.

"Ke ɗiyata, gwiwarki ke ciwo ko taɓarya kika haɗiye?" in ji Iya. "Mi ke tokare ki a kwankwaso?"

Ta biyun ta durƙusa da kyau, sai dai hannunta na kan ɗaurin zanenta, tana tsoron kada abin ya sulluɓe. Iya ta kaɗa kai. "Wannan hannu da ba ya barin ƙugu, ko makaho ya san da ajiya a wurin."

Sai ni. Na cire takalmi, na kai gwiwa biyu ƙasa, na sunkuyar da kai. Ban taɓa sanin kunyata za ta yi mini rana ba sai a wannan wuri, don ba kwaikwayo nake ba, haka nake gaida kowa. Iya ta ja gaisuwar da gangan. Ta tambayi innata, ta tambayi damina a Gazawa, ta tambayi ko hatsinmu ya yi. Ta sa na miƙo mata buta, ta sa na gyara mata bakin tabarma. Daga ƙarshe ta juya wurin Shef. "Wannan ba ta da komai. Kun turo ta ne ku gwada ni."

"Nuna mata," in ji Shef.

Ina durƙushe na zaro ta, bakinta na kallon ƙasa. Iya ta yi salati, ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariya. "Kai, 'yar nema! To, kusa da ni za ki zauna."

Kasuwar farko muka je muka dawo lafiya, ba mu ga kowa ba. Wata kasuwar, muna gangarawa cikin kwarin, rana ta yi sanyi, sai muka ji ƙarar moto daga cikin sabara. Mutum biyu, fuska a naɗe da rawani, ɗaya da adda, ɗaya da tsohuwar bindigar farauta. Wayata na buɗe a ƙasan kwandon wake, na san Shef na ji.

"Ku sauko! Kowa ta durƙusa!"

Da na ji kalmar nan, sai bugun zuciyata ya lafa. Ba su san wurin da na fi ƙwarewa suka sa ni ba. Na sauka tare da sauran, na kai gwiwa ƙasa, kaina a sunkuye. Mai bindigar ya tsaya a kaina, ina kallon yatsun ƙafarsa. "Wannan amarya ce? Ko ɗaga kai ba ta yi." Ya wuce. Da ya ga mata ne kawai, sai ya rataya bindigarsa a baya don ya kwance ƙullin kaya da hannu biyu. Ɗayan yana kokawa da igiyar akuya. Na jira har suka matsa gefe, babu mace a bayansu.

Sannan na zaro.

"'Yan sanda ne! Kada wanda ya motsa!"

Wallahi ban san muryar ba. Kwarin duka ya amsa. Mai addar ya yunƙuro, na harba ɗaya cikin rairayi nesa da ƙafarsa, ya saki addar, jakinmu ya ɓarke da kuka. Iya kuwa, tsohuwa da ita, ta miƙe ta tunkuɗe moton ya faɗi, ta zare makullin ta cusa a bakin zanenta. Ta dube su ta ce, "To, 'yan banza, yau ku ne da durƙuso."

Suna nan gwiwa a ƙasa, hannu a ka, motarmu ta iso. Ajidan ne ya fara dirowa. Ya dubi mutanen, ya dube ni, har lokacin ina durƙushe. Ya sara mini, ya ce, "Malama, gaisuwar surukai ta yi kyau." Matan suka rangaɗa guɗa, wata ta rungume ni har majanyin ya kwance. Kasuwar da ta biyo baya, amalanken Gidan Sori suka shigo a jere, surukar Iya na gaba da hannunta a ɗaure.

Yanzu ni ke karɓar sababbin mata in sun zo zaɓen makami. Nakan ga idonsu ya tafi kan babba, ko kan 'yar ƙarama mai kyaun gani. Ba na hana su. Tabarma kawai nake shimfiɗa musu in ce, "Ki durƙusa tukuna." Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: kayan aiki ba da ido ake zaɓensa ba, da irin wunin da za ki yi da shi ne. Kuma tambayar da kike jin kunyar yi a gaban mutane, ki yi ta ko za su yi dariya, domin wata rana rayukan wasu na rataye da ita.