Ranar da Aka Shayar da Mota a Zango

Kakata Tumba ba ta fara ba da labari sai ta ɗora gyaɗa a kasko. Bayan magariba muke kewaye murhunta a gidanmu na Talata Mafara, tana juyawa muna haɗiyar miyau. Ni take fara tsokana: "Kai angona mai ƙaton kai, matsa can, ka tare mini wuta!"

Wata rana ta ce yau ba Gizo, labarin mahaifinta za mu ji. Filin nan na tasha, inda otal mai bene yake yanzu, zango ne a da, kuma shi ne mai masaukin. Fatake daga Bakura da Maradun nan suke sauke jakunansu su kwana. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a kai wa baƙo abinci sai an shayar da dabbarsa.

Da motoci suka fara bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato, sai fatake suka ɗauke ƙafa. Ɗakuna suka koma na ɓeraye. Har an fara maganar rufe zangon a koma noma a ƙauyen Ruwan Gizo, tsohon kuwa ko tuwo ya daina ci.

"Ran nan," in ji Kaka, "sai ga wata ƙatuwar mota ta tsaya bakin zango tana huci, tururi na tashi. Baba da kansa ya saɓi tulu, ya ce dabbar baƙo ƙishirwa take ji. Wallahi 'yan kasuwa har da riƙe ciki don dariya! Ni ko kunya kamar in nutse."

Ashe direban ruwan yake nema tun a hanya. Ya karɓi tulun hannu bibbiyu, ya bari injin ya huce, ya ɗura. Ya ci tuwo, ya kwana. Kafin wata ya zagayo, direbobi duk sun san gidan da ake cika wa mota randa, zango ya zama tasha.

Muna yara dariya kawai muka yi. Sai da na girma ina gyaran rediyo a bakin filin nan, wayar hannu ta zo ta kwashe mini mutane, sannan labarin ya dawo mini. Wata biyu ina zaune ina tsine wa waya, gida ba cefane. Daga baya na ji kunyar tsohon nan da ban taɓa gani ba, wanda bai tsaya jin haushin mota ba. Na nemo ƙaramin janareta, na jera soket a kan teburin gyara. Har gobe ban san yadda waya take aiki ba, amma da cajinta 'ya'yana suke cin abinci.