Sun cire sunan ƙauyensa daga bayan riga

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Tavita, kuma yanzu raina a ɓace yake. Mutuwa ta Allah ce, ba da ita nake faɗa ba. Da kawuna nake.

Tavita ɗan Samowa ne, wani tsibiri can tsakiyar teku. Ƙwallon zari-ruga ce ta kawo shi Manchester, gwiwa ta lalace, sai ya koma buga riguna a wani gareji a unguwar Old Trafford. Ni lokacin na bar makaranta, ina ta gararamba a unguwar Hulme. Shi ya damƙa min robar da ake shafa fenti a kan riga da ita, ya ce in daina cika masa ƙofa.

Zane ɗaya yake bugawa, igiyar ruwa da haƙoran mashi, irin wanda aka tsaga a fatar jikin mahaifinsa. Kuma ba ya ba ka riga sai ya buga sunan garinku a ƙasan wuya. Na ce masa ni ɗan Manchester ne. Ya yi dariya. "Ɗan'uwa, ina kakarka take?" Ban sani ba. Sai da na kira Umma a waya. Gumel. Tasa rigar kuwa sunan ƙauyen uwarsa ne a jiki.

Bana na je Birmingham gaishe da Kawu Sabi'u a shagonsa na Lozells. Ga zanen Tavita a rataye, jere guda, ƙasan wuya fayau. Ashe hoton rigata ya ɗauka ya tura kamfani.

Na ce, "Kawu, wannan fa na gidan mutane ne."

Ya ce, "Ɗana, zane ne kawai. Wa ya san Samowa a nan?"

"Ni na sani. Ni na ɗauki akwatin gawar mai zanen."

Ya ce tun ina ƙarami ba ni da kunya. Bai sauke ko ɗaya ba. Umma ta ce in je in ba shi haƙuri, ban je ba, kuma ba zan je ba sai ya sauke su.

Da Tavita na nan, na san ba zai yi faɗa ba. Zai tambayi Kawu garinsu ne, ya buga masa. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Garejin yana hannuna yanzu. Jiya wani yaro ya shigo neman riga, ya ce shi ɗan nan ne. Na ce ya fita waje ya kira uwarsa tukuna.