Durowar Kawu Tela

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, wan mahaifiyata, wanda duk layinmu ya sani da Tela Mai-Wuƙa, bayan ya sha jinyar shanyewar ɓarin jiki. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa, wadda muke kira Inna, da 'ya'ya da jikoki, da tsohon keken ɗinki, da kuma wata durowa da ta hana ni sukuni tun kafin ya cika.

Kawu, wanda bai san ka ba, in ya ji wannan laƙabi sai ya zaci mahauci ne ko wani mafaɗaci, alhali kai ko kaza aka ce ka yanka sai ka nemo maƙwabci. Wuƙaƙenka 'yan ƙanana ne na aljihu, masu ninkewa, irin na da: ƙotar katako ko ta ƙaho, ƙusa guda a wuya, da ɗan tsagi a jikin ƙarfen inda ake sa farce a buɗe. Babu ta tsada a cikinsu. In aka kawo maka mai ƙyalli daga kanti, sai ka jujjuya ta ka mayar, ka ce, "Wannan ba ta taɓa aiki ba, me za ta gaya mini?"

Yadda kake tara su ne ya sa ake maka dariya. Sabuwa kake saya a kasuwa, 'yar araha, ka jefa a aljihu, har ranar da za ka ga wani mai sana'a da tsohuwar wuƙa wadda hannunsa ya cinye ƙotarta. Sai ka ja benci ka zauna, ka yi ta jan sa da hira, daga ƙarshe ka ba shi sabuwa ka karɓi tsohuwa. Inna ta sha cewa duk duniya kai kaɗai ne ake cuta kana godiya. Sai da na girma na gane cewa yawancin mutanen nan ba su da halin sabuwa, kuma da kyauta ka ce za ka ba su, da kunya ta hana su karɓa. Kai kuwa sai ka bar su suna ganin su ne suka yi maka alheri. Duk wanda kuka yi musaya da shi, ya huta da kuɗin facin aljihu har abada, don ka ce wuƙa ce ke huda shi, kuma laifin naka ne.

Ranar da ɗinki ya yi sauƙi sai ka jawo durowar da ke ƙarƙashin teburin yanka, ka baje su a kan ƙyalle. Kowace ka ɗiga mata man keke a wuya, ka buɗe ka rufe, ka faɗi mai ita. Ga ta mai gyaran takalmi, washi ya mayar da ita siririya kamar tsinke. Ga ta bahagon nan mai gyaran wuta, da giɓin da feɗe waya ya yi mata. Ga ta maigadin makaranta, wanda ya fiƙe wa rabin unguwa fensir. In mai ita ya rasu sai ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka ajiye. Da yawansu ba su bar gida ko gona ba, wasu ko ɗa ba su bari ba. A shagon nan kaɗai ake ambaton su, kuma a kanka kaɗai sunayen suke.

Na taɓa cewa mu liƙa wa kowace 'yar takarda. Ka dube ni ta saman tabarau ka ce mutane ne, ba kwalaben magani ba, in ina so in san su in zo in riƙe. Na fara zuwa kuwa, kana sa mini su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, kana ba ni labarin da ya fi wuƙar tsawo sau goma. Muna tsaka da haka ciwo ya zo ya ɗauke maka harshe.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na ɗauko durowar na kai bakin gadonka. Sai in sa maka wuƙa a hannun da ke motsi, in yi ta kiran masu sana'ar da na san ka yi hulɗa da su. In na dace ka matse yatsana, in na kauce ka haɗa gira. Ranar da na kira wuƙar mai facin taya ta wanzami, hararar da ka yi mini sai da ta sa Inna dariya, ita da ta kwana biyu ba ta yi ba. Amma akwai ranakun da zan kira duk wanda na sani in ƙare, kai kana kallona, bakinka na motsi, hawaye na gangarowa cikin kunnenka. Haka ka tafi ka bar ni da wajen talatin da ban san masu su ba.

Babbar 'yarka ce ta fitar da ni. Ta ce tun da jama'a za su zo gaisuwa, a buɗe shago a baje su a teburin yanka, kuma duk magada sun yarda wanda ya ga ta mahaifinsa ya ɗauka. Kawu, da ka ga abin da ya faru. Wani direba ya shigo zai miƙa hannu a gaisa, sai idonsa ya faɗa kan wata mai ƙotar ƙaho, ya tsaya cak. Ta babansa ce, mai saƙar kujera, har ya nuna mana inda shi da kansa ya ƙona ta yana yaro ya sha duka. Wani tsoho da ba ya gani sosai ya shafa guda uku, ya faɗi masu su tare da abin da ya kashe kowanne. Wasu sun ɗauka, wasu suka ce a bar ta cikin 'yan'uwanta, a dai ci gaba da addu'ar. Kafin a watse duk sun sami suna, sai guda ɗaya.

'Yar mitsitsiya ce, ƙotarta ta yi baƙi, bakinta ya lanƙwashe don washi. Babu wanda ban nuna wa ba. Da na rasa yadda zan yi sai na shiga da ita cikin gida, na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, wannan kam ta gagare mu. Ina jin mai ita ya ɓace mana ke nan."

Ta karɓa, ta sa farce ta buɗe ba tare da ta duba ba.

"Mai ita bai ɓace ba, ɗan nan. Tawa ce. Lemo nake sayarwa a ƙofar shagonsa, ya yi mini daɗin baki ya karɓe ta, ya ba ni wata sabuwa da ko ɓawo ba ta iya ferewa. Washegari na koma na ce ya ba ni abata. Ya ce ai ta riga ta shiga gidansu, in ina son ta sai dai in biyo ta."

Matan da ke ɗakin suka yi dariya. Ita ma ta fara, sai ta fasa. Ta ninke wuƙar ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce, "Shekara arba'in da wani abu ina tambayarsa yana cewa gobe. Da na san sai ta haka zan karɓa, wallahi da na bar masa."

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Yadda ka riƙa ambaton waɗanda ba su da mai ambaton su, Allah kada Ya bar ka ba mai yi maka addu'a. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da jikokinka, da mahaifiyata da ta rasa wanta, da duk masu sana'ar da suka rufe rumfunansu suka raka ka. Inna kuwa, Allah Ya ba ki haƙuri da dangana, Ya sada ku a inda babu sauran rabuwa. Amin.