Randar Inna a Koira Kano

Masu wucewa ta ƙofar gidana cikin mota, gilashi a rufe, yawancinsu sun ɗauka ni gardi ne, an ba ni tsaron filin wani kafin ya zo ya yi gini. To, su ji. Na riga su zuwa Koira Kano. Na riga gudron, kwaltar da suke takawa, na riga wayar lantarki, na riga karnukansu. Lokacin da na zo, nan gonar gero ce ta wani tsoho Bazabarme, sabara da kalgo ta ko'ina, da yamma ba ka jin komai sai kukan zabi. Shi ya yanka mini gefen gonar, na buga tubalin laka da hannuna, na tayar da ɗaki biyu, na haƙa rijiya. Magini ne ni. Lakwal, makarantar boko, ban yi nisa ba aka koro ni, faransancina na karɓar umurni ne, ba na gardama ba.

Mahaifiyata, Inna, ta iske ni nan lokacin fari na farko, wanda ya share dabbobin ƙasar Adar. Ta baro ƙauyenmu can arewa da Tahoua, rabin hanya a ƙasa, rabi a bayan kamiyo, motar kaya. Ba ta cika ba da labarin tafiyar ba. Abu ɗaya take maimaitawa: a wani gari da ba ta san sunansa ba, harshenta ya kumbura don ƙishi, sai ta ga randa a ƙofar wani gida, da moɗa a kai, ba kowa a wurin. Ta sha, ta zauna, ta ƙara sha. Har ta bar duniya ba ta san mai gidan ba. Tana zuwa ta sa na sayo randa, na binne gindinta cikin yashi a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, ta rufe da faifai, ta ɗora moɗa. Kowace safiya a wanke a cika, a yayyafa wa yashin ruwa don ya riƙe sanyi. Ba a tambayar mai sha daga ina yake, ba a kuma tsaya masa a kai don ya yi godiya. Da ciwon ajali ya kama ta, wasiyyarta ɗaya ce: kada randar nan ta wuni ba ruwa.

Soja na mulki, gari ya yi ta matsowa. Aka zo da masu awo, suka kakkafa turakun siminti a gonakin mutane, aka yanka tituna a miƙe. Gidana ya faɗo a kusurwar wani fili, aka bar ni. Ba don ana so na ba ne. Zamanin, kowane babba yana tsoron a kai ƙararsa sama. Sai manya suka fara zuwa, ma'aikatan gwamnati, ƴan kasuwar Maradi, masu tauraro a kafaɗa, da Nasaru ƴan haya. Wasu katangun ni na gina su, shi ya sa na san masu su ciki da bai. Mutum zai ce a ɗaga masa har ta wuce ta maƙwabcinsa, a farfasa kwalabe a jera a kai. Unguwa ce wadda ba a jin daka, ba mai tuyar ƙosai a bakin titi, ba yara a waje. In an yi haihuwa ba a aiko goro, sai dai ka ga motoci sun jeru. Ka yi sallama, kare ne zai amsa. Zabarmawa sun ce ma'anar sunan wurin gari mai daɗi. Daɗin yana bayan katanga, shi da wata ciyawa koriya shar wadda ko akuya ba a shuka wa ba.

Sai fari na biyu ya zo. Mutanen arewa suka sake cika Niamey, maza suna bin wuraren gini neman lebura, mata da goyo suna tsintar buhunan siminti da guntayen itace. Unguwarmu gini ake yi ta ko'ina, don haka nan suke wuni. Ƙofofi duk na ƙarfe, duk a rufe. Randar Inna kaɗai ce a buɗe. Cikawa ɗaya ta daina isa, sai an ƙara da rana, an ƙara da la'asar. Rijiyata kuwa ta yi ƙasa, har na ƙara wa guga igiya, kuma matata ce ke ja, don ni ina wajen aiki.

Maƙwabcina na dama babban ma'aikaci ne, kowa Darakta yake ce masa. Ruwan da ake ba ciyawarsa da tiyo har ta ƙarƙashin katanga yake biyowa ya kwanta a titi. Wata Lahadi da hantsi ya fito ya iske ni gindin dogon yaro.

"Malam, sannu da hutawa."

"Yawwa, ranka ya daɗe. Yau da ƙafa? Motar lafiya?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Maganar randar nan ce. Ka ga yadda take tara mutane, ba mu san su ba. Madam ba ta iya fita. Baƙi na zuwa wurina su iske mutane kwance a bakin ƙofa. Ni ma Musulmi ne, ɗan Damagaram, na san sadaka. Amma akwai wuraren da aka ware musu a bayan gari."

Na ce, "Ƙishin kuma a bayan gari yake jiran su?"

Ya gyara tabarau. "Bari in sauƙaƙa maka. Zan sa a jawo maka pampo daga wajena har tsakar gidanka, iyalinka ta huta da guga. Kai dai ka shigar da randar ciki."

"In na shigar da ita wa zai sha?"

"Ku mana."

"Mu muna da tulu, ranka ya daɗe."

Ashe matata tana bayan ƙyaure, ta ji komai. Yana tafiya ta fito, hannu a ƙugu.

"Maigida, pampo fa ya ce. Ka san zurfin rijiyar nan yanzu?"

"Ni na haƙa ta."

"Ka haƙa sau ɗaya, ni kullum nake ja. Inna, Allah ya jiƙanta, tana can kwance tana hutawa, ladar tata, bayan nawa."

Gaskiya ta faɗa. Amma gidan Darakta ban je ba.

Ba a daɗe ba mota ta tsaya da masu kaki, wai ana tsabtace gari, ba a son komai a bakin titi. Ina tsaye ɗayansu ya sa takalmi ya daki randar. Ta tsage biyu, ruwan ya nutse cikin yashi, moɗar ta gangara. Wasu mata da ke jiran sha suka watse. Zamanin, wanda ya buɗe baki gaban kaki cikin motar yake ƙarasa maganarsa. Ba wanda ya gaya mini wanda ya turo su, ni ma ban tambaya ba.

Suna tafiya na shiga na ɗauko diga. Matata ta ɗauka haukacewa na yi, don katangar gidana na fara fasawa. Na huda ta daidai ƙugun mutum, na gina lungu ta ciki da tubali, na yi masa rufi, na zuba yashi. Kafin magariba na dawo daga kasuwa da sabuwar randa a ka. Ta zauna cikin filina, bakinta yana kallon titi. Titi na gwamnati ne, na bar musu. Katangar tawa ce, in na ga dama in huda ta ko'ina.

Washegari da safe na tashi zan cika, na iske matata ta riga ni bakin rijiya. Ba ta gaishe ni ba. Ta ɗauko bokiti ta wuce ni, ta juye cikin randar, ta ɗora faifai, ta ce, "Kai da uwarka kun gama da bayana." Ta koma ta ƙaro wani.

Darakta bai sake yi mini magana ba har ya sayar da gidan ya tashi. Pampo kuwa sai bayan shekaru muka samu, bayan matata ya riga ya lanƙwashe, kuma har yau in sanyi ya tayar mata da ciwon, ni take harara. Yanzu masu son filin suna zuwa da manyan riguna, su dubi ɗakunan laka, su dubi ramin katanga, su ce za a rushe a yi abu mai kyau. Nakan miƙa musu moɗa in ce su sha tukuna. Ba su sha. Ni kuma ba na sayarwa.